Narambaɗa da 'Yan Amshinsa

Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya cancanci jinjina a matsayin uban kiɗi, mai tafiyar da ƙungiya. A saurari waƙarsa Bakandamiya: yana jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, kotso na riƙe da taki, ba takarda a hannu, ba mai tuntuɓe. Sai an yi shekaru tare ake samun wannan. Masu cewa ai roƙo ne kawai, a wasa sarki a karɓi doki da riga, suna da 'yar gaskiya, don kyauta ce abincin makaɗin fada. Amma dawakan sun mutu, rigunan sun tsufa, waƙoƙin kuwa ana nazarinsu a jami'o'i, ana kunna su a motocin hanyar Sabon Birni.