Wa ke jin koken mai aiki da buɗaɗɗiyar manhaja?

Duk ƙarshen wata, ma'aikatan ƙananan asibitocin karkarar Bakura da Maradun da Talata Mafara kan tattara alƙaluman haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro a kan fom, a kai hedikwatar ƙaramar hukuma, a shigar cikin DHIS2. Wannan manhaja ba hajar wani kamfani ba ce. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina ta, an fara aiki da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, kuma duk wanda ya iya yana da 'yancin duba cikinta, ya gyara, ya rarraba. Irinta ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Haka ODK take, wadda aka soma a Jami'ar Washington a 2008, masu aikin rigakafin shan inna suka yi ta cike fom da ita a wayoyinsu a Arewa.

To, a ce ma'aikaciyar lafiya a Birnin Tudu tana son a ƙara wani abu: hanyar gane ɗan makiyayan da aka yi wa allurar farko a nan, iyayensa suka tashi, aka yi masa ta biyu a wani gari da wani suna. Ina za ta kai kokenta?

A ƙa'ida ƙofa a buɗe take. Kowace manhaja irin wannan tana da rajistar buƙatu da kowa zai iya gani, wasu a GitHub, wasu a Jira, masu Wikipedia kuma a Phabricator. Mutum ya rubuta buƙatarsa, a ba ta lamba, masu kula da manhajar su tantance. Wata a ce an riga an kawo irinta, sai a haɗe su. Wata a nemi ƙarin bayani, in mai ita ya yi shiru a rufe ta. Wata a ce kai tsaye ba za a yi ba. Masu yawa kuwa su shekara a layi. Wasu al'ummomin kan bari a kaɗa ƙuri'a, kamar yadda Wikimedia ta fara tattara buƙatun editocinta a 2015.

Ina ganin akwai hikima a cikin wannan tsauri, duk da zafinsa. Kowane sabon maɓalli da aka ƙara, wani ne zai yi ta rainonsa shekara da shekaru, sau da yawa ba da ko sisi ba. Shi ya sa ƙwararrun masu kula ba sa tambayar me kake so kafin su tambayi wace matsala ta same ka, a wace waya, da sabis ko babu. Buƙatar da ta zo da hoton allo da matakan da aka bi ɗaya bayan ɗaya ta fi saurin samun kunne fiye da dogon ƙorafi. Kuma ƙin da aka yi a fili, da dalilinsa a rubuce, ya fi shirun kamfani mutunta mai tambaya.

Sai dai akwai amsar da ta zama al'ada a wannan duniya: in kana so, rubuto gyaran da kanka, muna maraba. Abin kamar aikin gayya ne, wanda ya zo da fartanya shi ke da bakin cewa a fara daga wannan kunya. A nan gizo ke saƙar. Rajistar da Turanci ake cika ta. Mai kaɗa ƙuri'a sai yana da data da wuta da lokaci. Buƙatar da ma'aikata ko mai ba da tallafi ya ɗauki nauyin kuɗinta takan tsallake layi. Ma'aikaciyarmu, wadda ta fi kowa sanin inda manhajar ke tuntuɓe, ita ce ta fi kowa nisa da ƙofar, domin kafin maganarta ta bi ta ƙaramar hukuma da Gusau da Abuja, ta riga ta canja kama.

Masu DHIS2 sun rage wannan tazara da ƙungiyoyin HISP da ke ƙasashe daban-daban, masu sauraron ma'aikatun lafiya suna isar da saƙo Oslo. Amfanin samun masu hannu a gida ya fito fili a farkon 2020, lokacin da ƙwararrun Sri Lanka suka gina tsarin bibiyar cutar korona a kan DHIS2 ba tare da jiran kowa ba, daga baya ƙasashe da dama suka ɗauka.

Irin waɗannan 'yan tsakani ne Zamfara ke buƙata, kuma ba sai an je nesa ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara zai iya zama da ma'aikaciyar ranar rigakafi, ya ga yadda take laluben suna a rajista alhali uwa na tsaye da goyo, ya rubuta abin da ya gani yadda masu manhajar ke son a rubuta, ya riƙa amsa tambayoyinsu har a yanke hukunci. Ya dace malamansa su karɓi wannan a matsayin aikin kammala karatu, su ba shi maki.