Jinjina ga Ma'aikatan Freedom Radio

Kafin 1992, gwamnati ce kaɗai ke da ikon buɗe gidan rediyo a Najeriya. A shekarar ne aka kafa hukumar NBC mai kula da kafafen watsa shirye-shirye, aka ba 'yan kasuwa dama. Kano sai da ta yi haƙurin shekara goma sha ɗaya kafin Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye a 2003, daga unguwar Sharaɗa, a kan mita 99.5 zangon FM.

Abin da ya ɗaure ni da tashar shi ne shirin Inda Ranka. Wakili zai shiga lungu da na'urar ɗaukar murya, ya tsaya bakin kwatar da ta toshe, mai unguwa ya faɗi nasa, matar da ruwa ya ci wa ɗaki ta faɗi nata, sannan a nemi jami'in da abin ya shafa. Da dare mai shayi ya ƙara muryar rediyo, teburinsa ya yi tsit. Shirin Kowane Gauta kuwa ya ba 'yan siyasa da magoya bayansu fili, wani lokacin har zafin ya yi yawa, amma talaka ya ji muryarsa a iska.

Tashar kasuwa ce, da talla take rayuwa: sanarwar ɗaurin aure, cigiya, sabon shago a Kantin Kwari. Daga nan ake biyan albashi, ake sayen man janareta idan wuta ta ɗauke. Injiniyan da ke kwana kusa da na'urar watsawa, wanda mai sauraro bai san sunansa ba, shi ma Allah ya saka masa da alheri.