Masu Ƙirgen Ƙusa: Kariya ga Maƙeran Ƙananan Taragun Zamanin Kwal

A cikin masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa a Amurka da Ingila akwai wani rukuni da 'yan uwansu suka daɗe suna yi wa ba'a da sunan masu ƙirgen ƙusa. Su ne waɗanda ba sa yarda su ɗora tarago a kan layi sai sun tabbata ya dace da wani tarago na gaske da ya taɓa ɗaukar kaya a zamanin jirgi mai kwal, da lambarsa da fentinsa da irin birkinsa. Zargin da ake musu kashi uku ne. Ana cewa sun mai da abin nishaɗi jarrabawa. Ana cewa wahalarsu ta banza ce, domin mai kallo daga nisan ƙafa uku ba ya ganin bambanci. Ana kuma cewa ko da za a yi wahalar, ai kan jirgi ya cancance ta, shi da ke da hayaƙi da usur da kwarjini, taragon kaya kuwa akwati ne kawai a kan ƙafafu. Ina ganin duka ukun ba su da tushe, na ukun kuma shi ya fi rauni.

Tarihin gajere ne. Mujallar Model Railroader ta fara fitowa a Milwaukee a 1934, shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar NMRA a wannan gari don daidaita ma'auni. Ma'aunin HO, kashi 1 cikin 87, shi ya yi rinjaye a Amurka, inda tarago mai ƙafa 40 yake komawa kimanin santimita 14. Ingila ta zaɓi OO, jiki a kan kashi 1 cikin 76 amma layi mai faɗin milimita 16.5, alhali lissafi ya ce 18.83; waɗanda wannan gurguwar daidaitawa ta dame su suka fito da ma'aunin P4 a shekarun 1960. Shekara da shekaru masana'antu suna zuba tarago iri ɗaya na roba su shafa masa sunan kowane kamfani, ko kamfanin ya taɓa mallakar irinsa ko bai taɓa ba. A farkon shekarun 1980 Al Westerfield ya fara zuba taragu da rezin a cikin mazubin roba mai laushi, hanyar da ta sa ana iya yin 'yan kaɗan na wani iri ba tare da jarin masana'anta ba. Marubuta irin su Richard Hendrickson suka tono hotuna da zane-zanen kamfanoni, sannan daga 1994 taron Naperville a jihar Illinois ya zama mahaɗa, inda ake shimfiɗa taragu a tebur babu gasa babu kofi, sai tambaya da amsa.

Mai cewa taragon kaya akwati ne kawai bai tsaya ya kalli jeren taragun 1940 ko 1950 ba. Rufinsu hawa da sauka ne. Ga na katako mai gwafannin ƙarfe a waje, daga cikin kimanin 100,000 da gwamnatin Amurka ta sa aka ƙera lokacin da ta karɓe ragamar jiragen ƙasa daga ƙarshen 1917 zuwa 1920. Ga X29 na kamfanin Pennsylvania, gajere, wanda aka ƙera kusan 30,000 tsakanin 1924 da 1934. Ga na tsarin 1937 mai tsayin ƙafa 10 daga ciki, ya ɗara su duka. X29 yana da wata cuta: ruwa yana taruwa a gindin bangonsa, tsatsa ta ci, sai a yanke wurin a yi masa faci da sabon ƙarfe. Saboda haka maƙerin da ya ce teburin da ya shimfiɗa layinsa a kai 1950 yake nunawa, ya kawo X29 goma duk babu mai faci, ya faɗi abin da bai faru ba. Kama da wane ba ta wane.

Amma inda nake so mai karatu ya dakata shi ne 'yan ƙananan rubuce-rubucen da ke gefen hagu na tarago, ƙarƙashin harufan kamfani da lamba. A nan ne gwani yake bambanta da mai shafa fenti. Layi uku ne. Na farko nauyin da aka sa wa taragon suna da shi, misali laba 100,000 ga mai tan 50. Na biyu iyakar lodi. Na uku nauyinsa idan babu kaya, a gefensa kuma harufan tashar da aka auna shi da wata da shekara. Layi na biyu da na uku a ɗaure suke da juna. A wancan zamani kaurin sandar ƙafafu ne yake yanke jimillar nauyin da tarago zai ɗora a kan dogo: laba 136,000 ga mai tan 40, laba 169,000 ga mai tan 50, laba 210,000 ga mai tan 70. Idan mai tan 50 ya hau sikeli wayam ya ba da 45,300, dole iyakar lodinsa ta zama 123,700. Idan an yi masa faci ya koma 46,100, iyakar ta sauka zuwa 122,900. Duk maƙerin da lambobinsa biyu ba su haɗu sun ba da 169,000 ba, kuma babu alamar tauraron da ake sawa idan mai tarago ya rage lodin da gangan, to ya rubuta abin da akawun sikeli ba zai sa wa hannu ba.

Dalilin wannan tsanani kuɗi ne. Ana auna tarago da kayansa, a cire nauyin da aka rubuta a jikinsa, abin da ya rage shi ɗan kasuwa zai biya wa. Katako yana bushewa, ƙarfe yana zaizayewa, gyara yana ƙara nauyi, don haka doka ta wajabta a sake awo bayan shekara biyu zuwa huɗu, gwargwadon irin taragon da zamanin. Sabon tarago yana fitowa da kalmar da ke nuna sabo ne tare da watan ƙira. Ranar da aka sake auna shi, ma'aikaci zai shafe tsofaffin lambobin da burushi, sau da yawa da fentin da bai yi daidai da na asali ba, ya ɗora allon harufa ya buga sababbi. Abin da ido ke gani shi ne tarago ya yi duhu da toka da hayaƙi, amma ga wani ɗan murabba'i mai haske da fararen lambobi tas a jikinsa.

Kwaikwayon wannan a kashi 1 cikin 87 aiki ne na jeri, kuma jerin shi ne sirrin. Harafi mai inci uku ba ya kai milimita ɗaya a nan. Maƙeri zai fara fentin jiki, ya manna rubutun kamfani da siraran takardun nan da ake jiƙawa, ya rufe da abin kashe ƙyalli. Daga nan ya tsufar da taragon: ruwan fenti mai duhu ya kwanta a layin ƙusoshi, ƙurar dogo ta taso daga ƙasa, baƙin hayaƙi ya sauko daga rufi. Sai bayan wannan zai kawo facin sabon fenti a kan layi na biyu da na uku, ya bar na farko da dauɗarsa domin shi ba ya canjawa. Ya manna sababbin lambobi, ya zaɓi harufan tashar da taragon zai iya bi ta cikinta, ya sa kwanan da bai wuce wa'adi ba idan aka lissafa daga shekarar teburinsa. A ƙarshe ya busa ƙura 'yar kaɗan, gwargwadon watannin da suka shuɗe tun awon. Wanda ya juya jerin, ya tsufar da komai gaba ɗaya, ya sami taragon da ya yi shekara goma sha biyar yana yawo bai taɓa hawa sikeli ba.

Sauran alamomin haka suke. Ƙafafun taragun wancan zamani suna juyawa ne a kan tagulla, a cikin akwatin da aka cusa wa zare jiƙe da mai. Idan ya bushe sai ya ɗau zafi har ya kama wuta. Duk lokacin da aka sabunta zaren sai a rubuta rana da wuri a saman ƙafafun, wani ɗan facin ke nan dabam da shekarunsa dabam. Ga rubutun alli na ma'aikatan tasha, lambar layi ko sunan gari, sabo a kan tsoho wanda ruwa ya wanke. Ga 'yar takardar hanya da aka buga a allon katako na ƙofa. Sannan gwani ya san inda zai kame hannu: taragun mai ana biyan kayansu ne da galan, ba a tilasta musu awo a kai a kai ba, saboda haka yawanci suna riƙe da kwanan ƙirarsu har su tsufa.

Ƙarƙashin tarago ma yana faɗin shekara. Tsohon birkin K tukunyar iska da silinda a haɗe suke a yawancin taragu. Birkin AB, wanda aka wajabta wa sababbin taragu daga 1933, gida uku ne a warwatse da bututu tsakaninsu. An hana taragu masu K ƙetarawa daga kamfani zuwa kamfani a 1953, kamar yadda aka hana tsofaffin ƙafafu masu firam ɗin sandunan da aka ɗaure da noti wajen 1940. Wanda ya san waɗannan iyakoki biyu zai kifa tarago a tafin hannunsa ya gaya maka tsakanin wace shekara da wace ya yi aiki a wannan kama.

Masu cewa daga ƙafa uku ba a ganin bambanci suna jingina da maƙeri Allen McClelland, wanda ya koyar da cewa abin da ya wadatar ya wadatar. McClelland yana magana ne a kan daidaita komai na babban tebur don kada wani sashe ya fi wani, bai ba kowa izinin jahilci ba. Kuma facin awon nan daga ƙafa uku ake ganinsa, har daga shida. Wasu kuma suna kawo John Allen na Monterey, wanda ya yaɗa tsufar da taragu kafin rasuwarsa a 1973. Gwani ne, amma duniyar kansa ya ƙirƙira, mabiyansa kuma suka ɗauki tsatsa da lanƙwasa suka wuce gona da iri, har kowane tarago ya zama kamar an tono shi daga rami. Hotuna masu launi da Jack Delano ya ɗauka a manyan tashoshin kaya na Shikago a 1942 da 1943, waɗanda ke ajiye a Laburaren Majalisar Amurka, sun raba gardama: wasu taragun sababbi ne, wasu sun koɗe, jan ƙasar fentinsu kala-kala, kuma dauɗar ta toka ce da hayaƙi fiye da tsatsa. Batun kashe nishaɗi kuwa, wanda ya ga fuskar mutumin da ya gano hoton taragon da ya daɗe yana nema ba zai sake faɗinsa ba. Jack Burgess ya ƙera kwaikwayon layin Yosemite Valley yadda yake a watan Agusta na 1939, ya ba shi shekaru masu yawa na rayuwarsa, ba wanda ya tilasta shi.

Ga abin da na yi imani da shi. Kan jirgi labarin injiniyoyi yake bayarwa; tarago shi ke ba da labarin manomi da mahaƙin kwal da ɗan kasuwa. A wancan zamani kan jirgi ba kasafai yake barin layin kamfaninsa ba, tarago kuwa yana zaga ƙasa duka, shi ya sa masu binciken littattafan kwandastoci suka gano cewa rufaffun taragun kamfanoni dabam-dabam suna bayyana a jirgi kusan gwargwadon yawansu a ƙasa baki ɗaya. Maƙeri mai gaskiya yana buɗe Official Railway Equipment Register, rajistar da ke jera taragun kowane kamfani da awonsu da adadinsu, ya tsara jirginsa a kanta. A Ingila, jeren taragun kwal na katako ɗauke da sunayen masu ma'adinai da dillalai yana nuna kafin 1939 ne. Bayan an haɗe su saboda yaƙi, aka mai da su na gwamnati a 1948, sai sunayen suka koɗe, allunan da aka canja suka zauna babu fenti. Mai ƙera wannan daidai tarihin tattalin arziki yake rubutawa da hannunsa, kuma amanar da ke kan marubucin tarihi tana kansa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dogo ya iso Kano a 1911, Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Taragu ne suka kwashi gyaɗa da auduga da fatu da shanu da kuzar Jos zuwa teku, suka dawo da goro da gishiri da kananzir. Dalar gyaɗa kanta ta tashi ne domin jirgi ya kasa kwashe amfanin da sauri. Faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, kuma maƙeran Nuzilan da Ostareliya sun riga sun warware lissafinsa: kashi 1 cikin 64 a kan layin milimita 16.5, ko kashi 1 cikin 87 a kan na milimita 12. Gwanintar hannu ba ta yi mana ƙaranci ba a ƙasar da yara ke ƙera mota da kara da gwangwani. Abin da aikin ke bukata shi ne shaida. Duk mai hoton tsohon taragon reluwe a akwatin mahaifinsa ya adana shi ya bari a kwafa. Duk wanda ke kusa da tsohon ma'aikacin tasha ya tambaye shi launi da lamba da ma'anar kowane rubutu, ya rubuta. Wanda kuma ya ga tsohon tarago a yashe a gefen layi ya nemi izini, ya kawo tef ya auna, ya ɗauki hoton kowane gefe da ƙarƙashi, kafin ya tafi a matsayin tsohon ƙarfe.