Daga Gizago Zuwa Sifana: Kayan Gyaran Jirgi a Bakin Kogin Kwara

Jirgin da ke dakon mutane da buhuna tsakanin Yawuri, Warra da Malale a yau ya sha bamban da wanda kakannin Sarkawa suka sani. Na da, gungume ɗaya ake sarowa a fafe cikinsa, ba mahaɗi, ba ƙusa. Na yanzu katako ne ake jerawa, a buga masa ɗaruruwan ƙusoshi, a liƙe tsakaninsa, sannan a ɗaura masa inji a baya. Jirgi ya sauya, amma al'adar zaɓen kayan gyaransa da adana su ta kasa bin sa da gudun da yake yi. Rabinta na nan da ƙarfinta a hannun masassaƙa, rabinta kuwa, wato abin da ya shafi ƙusa da inji da kayan da ake shiga ruwa da su, har yau ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai a wannan yanki namu. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka auna shekarunsa suka samu kusan 8,000. Tsawonsa ya ɗara mita 8, bakinsa da gindinsa a fiƙe, kuma an sassaƙa shi tun kafin a san ƙarfe. Wanda ya yi wannan aiki da dutse dole ya san kayan aikinsa kamar yadda ya san yatsunsa, kuma wannan sanin shi ne gadon da masassaƙin jirgi na yau ya tarar.

Kayan masassaƙi ba su da yawa: gatari, gizago babba da ƙarami, ƙarfen huda, da dutsen washi. Abin burgewa shi ne hanyar da yake samunsu. Ba ya ɗaukar gizago a tire kamar mai sayen goro. Maƙerin da ya sani yake zuwa wa, ya faɗa masa faɗin bakin da yake so da irin lanƙwasarsa, domin gizagon da ke daidaita bayan jirgi daban yake da wanda ke ƙwaƙule ciki. Maƙera da dama sukan ƙera shi da sifirin ɗin tsohuwar mota, ƙarfe mai riƙe kaifi. Idan an ba shi tauri fiye da kima, bakin zai ɓantare a kan madaci. Idan an rage, zai dakushe kafin azahar. Ko wanne ya faru, masassaƙi ya san ƙofar da zai koma, kuma maƙeri ya san sunansa ne a kan ƙarfen. Ƙota kuwa da kansa yake saro ta, marke ko aduwa, ya bar ta ta bushe, ya daidaita ta da tsawon hannunsa. Ba kasafai yake ba da aron gizago ba. Wasu na ganin rowa ce, ni kuwa ina ganin daidai ya yi, don kowane hannu da kusurwar da yake wasa baki, kuma yini ɗaya a hannun wani ya isa ya ɓata washin wata guda.

Ajiyarsu ma da ƙa'idarta. In an tashi aiki a goge, a shafa man kaɗe ko baƙin mai, a naɗe bakin da tsumma ko guntuwar fata, a rataya nesa da ƙasa saboda laima da gara. Abin ya yi kama da yadda wanzami ke riƙon zabirarsa: kowace aska da gurbinta, kuma yaro ba ya taɓa ta sai an ce ya taɓa. Wuri ɗaya ne nake ganin al'adar ta yi sakaci. Lokacin hunturu ƙota kan tsotse, ƙarfe ya riƙa girgiɗi, sai a tsoma shi a ruwa ya kwana. Gari na wayewa ya kama, amma kwana biyu ya sake saki fiye da da, ga tsatsa ta samu shiga. Sabon tsinke na itace da za a buga a ramin ya fi wannan jiƙon amfani.

Abubuwa biyu suka kawo sauyin daga jirgin gungume zuwa na katako. Manyan itatuwan da za a fafe jirgi guda daga cikinsu sun yi ƙaranci, aka koma sayen katako daga injin yanka. Sannan a 1968 aka kammala dam ɗin Kainji, kogi ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, mai iska da igiyar ruwan da ƙaramin kwale-kwale ba zai iya da ita ba. Garuruwa suka tashi, har da tsohuwar Busa, kasuwanni suka koma tsallake, tafiyar filafili ta zama tafiyar inji. Ƙarƙashin ruwan kuma akwai kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye, suna nan suna jiran cikin jirgi duk lokacin da ruwa ya ja baya.

Jirgin katako rayuwarsa a mahaɗi take, kuma a nan ne zaɓen kaya ya fi rauni. Ɗauki ƙusa. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce baƙar ƙusar kafintan gida, ta rufi da ƙofa. A jikin katakon da ke jiƙa yana bushewa kullum, tsatsa kan ci ta daga ciki. Kanta yana nan a waje kamar lafiya lau, jikinta kuwa ya zama siriri kamar allura, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya ruɓe. Ƙusar da aka yi wa rufin tutiya ta fi tsada, ta kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Mai jirgi ne ke biyan kuɗin ƙusa, shi ya sa sau da yawa yakan zaɓi mai sauƙi, kafinta kuma ya yi shiru don kada a ce yana neman ƙari. Araha ba ta ado, a kan ruwa kuwa abin ya wuce maganar ado. Haka nan wanda ya buga ƙusa a katako mai tauri ba tare da ya fara huda shi ba, ya tsaga shi ke nan, ko da tsagar ba ta fito ranar ba. Ƙaramin abin huda na hannu ya isa ya hana haka, amma ba kowane mai gyara ke da shi ba.

Toshe mahaɗi ma haka. Auduga ko zaren tsumma ake cusawa, a narka kwalta a bi, wani lokaci a rufe da siririn langa-langa. Ƙarfen da ya dace da cusawar mai faɗin baki ne, mai dakushi, wanda zai danna audugar ba tare da ya yanka ta ba. Kowane maƙeri zai iya ƙera shi cikin ɗan lokaci. Duk da haka za ka ga ana aikin da bakin wuƙa ko sukurdireba, a tsinka zaren, a ƙara buɗa mahaɗin, bayan mako biyu a ce kwaltar ce ba ta da kyau.

Sai inji. Yawanci Yamaha ne, mai doki 15 ko 40 ko sama da haka, irin wanda ake gauraya masa fetur da mai. Abubuwan da ke tsayar da shi a tsakiyar ruwa sanannu ne, ba su kuma da yawa: fulogi ya yi baƙi, ruwa ko datti ya shiga kafireta, igiyar tayarwa ta tsinke, farfela ta bugi kututture ko ta naɗe tsohuwar raga. Duk waɗannan matuƙi zai iya magance su da sifanar fulogi, sifana lamba 10 da 12, filaya, sukurdireba, fulogi na ajiya, guntuwar igiya, da fil ɗin farfela. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake sayen waɗannan. Mutumin da zai yi doguwar tafiya don neman maƙerin kirki, shi ne zai tsaya a bakin tasha ya sayi sifanar da ke buɗewa a juyi na uku. Ita kuma ba ta lalacewa ita kaɗai, sai ta cinye kan noti, daga nan sai guduma da kurman ƙarfe, daga nan sai a sauke inji a kai wa bakanike. Dalilin a fili yake. Gizago yana da mai ƙera shi da za a iya tuhuma, sifana kuwa daga kwali ta fito, ba wanda ya san inda aka yi ta, kuma ba a gaji wata hanyar gwada ta daga iyaye ba. Tsohuwar sifana ta gwanjo mai nauyi, wadda lambarta ke zaune daram a kan noti, ta fi sabuwa mai ƙyalli.

Ajiyar cikin jirgi ita ce ta fi komai lalacewa. Ƙasan jirgin katako ba ya rabuwa da ruwa, shi ya sa kullum akwai yaro da ƙwarya ko yankakkiyar jarka yana kwarfewa. A nan ne ake jefa kayan aiki, cikin buhu ko leda. Leda kuwa ba ta hana ruwa shiga, fita take hana shi, sai filaya ta kwana cikin gumi ta wayi gari a ƙage. Bokitin fenti na roba mai murfi, a ɗaure shi a ƙarƙashin mazaunin matuƙi, kowane ƙarfe a naɗe cikin tsumma mai baƙin mai, fulogi a cikin kwalinsa, ya wadatar. Sifanar da za a yi aiki da ita a kan injin da ke rataye bisa ruwa kuma a ɗaura mata zare a wuyan hannu, don abin da ya suɓuce a tsakiyar Kainji ya tafi ke nan.

A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna zuwa Warra ya dare a kan hanya da mutane sama da 150, kaɗan aka ceto da rai. Abin da hukuma ta ambata shi ne lodin wuce kima da tsufan jirgin. Babu bokitin kayan aikin da zai ceci irin wannan jirgi a wannan sa'a, kuma ba na son a ɗauka haka nake nufi. Amma tsufan jirgin katako ba shekaru kaɗai ke kawo shi ba. Ƙusar da aka zaɓa bara ce, da mahaɗin da aka toshe da wuƙa, da katakon da aka ga ya yi laushi aka rufe da langa-langa maimakon a cire shi.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, mai hedikwata a Lakwaja, ta fi mai da hankali kan rigar kariya, hana tafiyar dare da ƙayyade lodi, kuma duk suna da muhimmanci. Sai dai jami'inta ba ya kwana a kowace mashaya. Waɗanda ke nan kullum su ne Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu jirage, su ne kuma suka san kowane jirgi da kafintan da ya buga shi. Su za su iya sa ranar da za a ja kowane jirgin haya tudu sau ɗaya a shekara, kafin ruwan damina ya cika a watan Agusta, a kifa shi, tsohon masassaƙi ya bi cikinsa yana ƙwanƙwasawa da bayan gizago yana sauraron inda sautin ya mutu, a zaro ƙusa biyu ko uku daga ƙasa a duba kaurinsu a idon jama'a. Wanda ke karɓar kuɗin lodi a bakin ruwa kuma ba abin da zai hana shi buɗe bokitin matuƙi ya ga ko akwai fulogi da igiya kafin ya ba shi izinin tashi.