Jinjina Ga Masu Zubin Harsashi A Gida

A ƙauyuka da garuruwan Amurka akwai maharba da masu gasar harbi da ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun harba. Sukan tsince shi, su zuba masa sabon kai na dalma da hannunsu. Waɗannan mutane sun cancanci yabo saboda haƙuri da tattali.

Dalma tana narkewa idan zafi ya kai digiri 327 a ma'aunin Salshiyas. Mai zubi yakan gauraya ta da ɗan kuza da antimoni don ta yi tauri, ya kwashe dattin da ya taso sama, sannan ya tsiyaya ta cikin mazubi. Idan ya buɗe, harsashi ya faɗo yana ƙyalli. Wanda ya fito da tamoji ko ɗan rami, komawa tukunya yake yi, don gwani ba ya yarda da rabin aiki. Sauran kuma a ɗora su bisa sikeli ɗaya bayan ɗaya.

Sana'ar tana da magabata. Elmer Keith ya tsara harsashi mai faffaɗan baki wanda har yau ake zuba irinsa, kamfanoni kamar Lyman da Lee kuma suna ƙera mazuban.

Abin da ya fi burge ni shi ne kiyayewar masu zubin. Sun san dalma guba ce, shi ya sa suke aiki inda iska ke kaɗawa, su nisantar da yara, su wanke hannu kafin cin abinci, ba sa barin ko ɗigon ruwa kusa da tukunya. Sannunku da aiki, gwanaye. Allah Ya tsare hannuwanku.