Gwanin Haɗa Kayan Sauti

A wurin ɗaurin aure ko tafsirin azumi a Haɗejiya, wani lokaci murya takan fita tar, wani lokaci kuma lasifika ta yi ta kururuwa ba a fahimtar komai. Sau da yawa kayan iri ɗaya ne, hannun da ya haɗa su ne ya bambanta. Shi ya sa mai hali da ya sayo manyan lasifikoki daga Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas don falonsa, in yana da wayo, sai ya nemi gwanin mai gyara kafin ya kunna.

Gwani yakan fara da juya bayan lasifika ya karanta lambar da ke jiki: om 8 ko om 4. Lambar tana nuna yawan tirjiyar da lasifika ke yi wa wuta. In aka jona masu om 8 guda biyu a baki ɗaya, sun koma 4. In aka ƙara biyu, sun koma 2, a nan amfilifaya tana iya ɗaukar zafi ta mutu. A masallaci kuwa, inda ake jan doguwar waya zuwa lasifikoki da yawa, layin bolt 100 na injinan Ahuja da TOA yake bi.

Sai batun ƙarfi, inda ake yawan yin asara. Jama'a sun ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona lasifika, alhali ƙarama ma tana yi. In aka murɗe ta har ƙarfinta ya ƙare, sautin yakan fito a daddatse, ya dafa siririyar wayar da ke cikin ƙaramar lasifika mai fitar da zaƙin murya. Don haka gwani yakan zaɓi injin da ke da rarar ƙarfi, ya bar shi yana aiki a natse. Ya kuma san cewa ninka wat 50 zuwa 100 desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Waƙar da ke cikin waya ko kwamfuta lambobi ne zalla. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗauke da awon sauti 44,100 a kowace daƙiƙa. Na'urar DAC ce ke mayar da lambobin nan wutar da amfilifaya za ta haɓaka. Mai kyau tana rage shuu ɗin da ke bayan murya, amma gwani na gaskiya zai ce maka, "Alhaji, waƙar da aka matse aka yi ta turawa a WhatsApp, babu na'urar da za ta dawo mata da abin da ta zubar."

Abin sha'awa shi ne ganinsa a bakin aiki. Yakan ɗauki ƙaramin batir ya taɓa wayoyin lasifika: in fatar ta turo waje a duka biyun, jonin ya yi daidai, in ɗaya ta shige ciki, za su cinye wa juna kaurin sauti. Sannan ya sa kalangun Shata ya ji ko gangar tana magana, ya sa kuntigin Ɗan Maraya Jos ya ji tsirkiya, ya sa karatun Alƙur'ani ya ji ko sin ta fita daban da sad. Can ya ɗora bayan hannu a kan injin ya auna zafinsa.

Ya kuma san garinsa. Zafin Afrilu yakan haura digiri 40, don haka ba ya cusa inji cikin kabad. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, laimar fadama a Agusta tana sa bakin waya tsatsa, wutar janareto tana hawa tana sauka, sai da sitabilaiza. Wanda ya ga ambaliyar 2022 kuwa ba ya ajiye kaya a ƙasa.

Wannan ilimi ne, lissafi da kunne a haɗe, kuma akasari a gaban maigida ake koyonsa shekara da shekaru. Mai niyyar sayen kaya ya tafi kasuwa da irin wannan mutum, ya biya shi haƙƙinsa da daraja. Kuɗin shawararsa ba su kai na lasifika ɗaya da ta ƙone ba.