Waƙa da Kasuwarta: Tsokaci a kan Kundayen Manyan Digiri, da Misali daga Gaya da Ajingi

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan irin nazarin da ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku suke yi wa waƙoƙin zamani, watau waɗanda ake ɗauka a situdiyo da fiyano don sayarwa. Abin da muka lura shi ne kundaye suna ta ƙaruwa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, amma galibinsu baitocin waƙa kaɗai suke dubawa, sun bar sana'ar da ta haifi waƙar.

Magabata ba haka suka faro ba. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957, ya ɗauki roƙo a matsayin hulɗa tsakanin maroƙi da ubangidansa, ya bi diddigin abin da kowannensu yake samu. Ames da King, a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, sun danganta makaɗa da masu sana'o'in da suke yi wa kiɗa. Haka kuma kundin Ɗandatti Abdulƙadir na Jami'ar Indiyana, 1975, matsayin Mamman Shata a cikin al'umma ya sa a gaba. Daga baya Sa'idu Muhammad Gusau ya fito da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, ya shimfiɗa hanyar fito da turke da warwararsa da salo da tsarin ɗiya. Lalle wannan hanya ta yi wa fannin babban amfani, don ta ba ɗalibi madogara. Sai dai da yawa sun mai da ita mudu, kowace waƙa aka kawo sai a zuba a shafe baki, ko ta Narambaɗa ce ko ta Hamisu Breaker, alhali kuwa ta farko fada ce ta ciyar da mai ita, ta biyu kuma wayar hannu da dandalin biki.

Don mu fito da abin da ake asara, bari mu ɗauki ƙasar Gaya da maƙwabciyarta Ajingi, a gabashin Jihar Kano, bayan an wuce Wudil. Mun zaɓe ta ne da gangan. Tarihin Kano ya nuna daga Gaya Abagayawa maƙera suka taso zuwa Dala neman tama, saboda haka wuri ne da sana'a ta daɗe da kafuwa, kuma a ƙasar Hausa kowace tsohuwar sana'a da kiɗanta: dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta, gangar noma ta manoma. A wannan tsari sanannen abu ne wanda ke biyan makaɗi, da lokacin biya, da abin da ake bayarwa, ko dami ne da kaka, ko riga, ko akuya. Wanda ya nazarci waƙar noma bai ambaci damin ba, rabin aiki ya yi.

To, yaya lamarin yake a yau? Waƙar da aka ɗauka a birnin Kano tana isa irin waɗannan garuruwa ta hannun masu tura waƙoƙi a waya, waɗanda ke zaune a rumfunan caji a bakin kasuwa da tasha. Saurayi ya miƙa katin wayarsa, ya biya ɗan abin da aka yanka, a cika masa. Daga nan ta koma hannun mai kayan sauti, wanda ake ɗauka haya ranar kamu ko wuni. Duk cikin wannan ciniki da wuya kwabo ya koma ga mawaƙin, ko ga yaron da ya buga fiyano, ko ga matan da suka yi amshi, ko da yake ƙasar tana da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Mawaƙin kuwa ya san da haka, shi ya sa ya karkata ga inda kuɗi suke: waƙar amarya da ango, da liƙi a wurin wasa, da 'yan siyasa. Alal misali, a 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi magoya baya su aiko da naira dubu ɗaiɗai kafin ya fitar da wata waƙa. Wannan sabon salon ubangida ne, mai kawuna dubbai, kuma ya isa kundi guda shi kaɗai.

Muhimmancin wannan ga mai nazarin adabi shi ne kasuwa tana shiga har cikin baiti. Jerin sunayen da ɗalibi zai tarar a ƙarshen waƙa ya rubuta “yabo” a gefensu, sau da yawa jerin waɗanda suka biya ne ko ake sa ran za su biya. Gajartar waƙa da yawan maimaita amshi suna da nasaba da abin da waya da filin rawa suke so. Ko tsabtace kalmomi ma yana da alaƙa da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, kuma take sa ido a kan mawaƙa. Wanda bai san waɗannan ba zai kira tilas da sunan salo.

Ba mu ce ba a taɓa komai ba. Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda fim da fiyano suka sauya kiɗan Hausa, Brian Larkin kuma, a littafinsa na 2008, ya bi sawun cinikin kaset a kasuwar Ƙofar Wambai. Amma dukansu birni suka fi mai da hankali a kai, kuma da Ingilishi aka yi yawancin aikin. A Ingila, Jami'ar Libaful ta buɗe cibiyar nazarin kiɗan zamani tun 1988, inda ake karanta ciniki da doka tare da waƙar kanta. Mu a nan an raba gari: Sashen Harsunan Nijeriya ya riƙe baiti, Sashen Aikin Jarida ya riƙe kafar watsawa, masana tattalin arziki kuwa ba su ɗauki abin a bakin komai ba.

Laifin a wuyanmu yake, mu masu duba kundaye, domin mu ne muke amincewa da take. Ɗalibi ɗan Gaya ko Ajingi yakan zo da shawarar nazarin salon wani fitaccen mawaƙin birni, wanda wataƙila an riga an yi kundi a kansa, mu sa hannu. Da mun mai da shi gida ya zauna damina da rani tare da mai kayan sauti guda, ya rubuta bukukuwa nawa ya je, nawa aka biya shi, waɗanne waƙoƙi aka fi nema, kuma ina makaɗan kalangun da ake gayyata a da suka koma, da ya kawo mana abin da babu shi a ɗakunan karatunmu. Shi ne kuma ya fi kowa dacewa da aikin, tunda shi za a bari ya shiga gidan biki ba a ɓoye masa farashi ba.